Ruwan Addu'ar da Na Zuba wa Lagireto

Ni ne da laifi, ba na musu. Shekarun baya, shekarar da aka kori baƙi daga Ghana, garejinmu na unguwar Suame ya rage mu biyu, ni da abokina, Kirista, ɗan Asante mai jin Hausa kamar a Zango aka haife shi. Aiki ya yi ƙasa, sai gardama ta zama aikinmu.

Yana zuwa wani coci inda ake warkarwa da addu'a. Kullum yana da labari: gurgu ya miƙe, kurma ya ji. Ni kuma in ce, "Kawo min gurgun in duba masa ƙafa da sifana." Ina wannan ba'a alhali duk Juma'a sai na shanye rubutun da mahaifiyata ke aiko min.

Da tsohuwarsa ta kwanta da zazzaɓi, ya karɓo mata ruwan addu'a a kwalba. Ya ajiye a kan benci, ya fita gwada mota. Sai na juye ruwan cikin lagireton wata tsohuwar lori da ke yawan zafi, na cika kwalbar da ruwan famfo. Nufina, in ta warke ya fara yabon ruwan, in fallasa shi, in ci gardama.

Ba ta warke ba. Kwana uku ta daina magana, aka kai ta asibiti. Abokina ya zo gareji ido ja wur, ya ce, "Maigida, ruwan bai da laifi. Imanina ne ya gaza. In ta mutu, ni na kashe ta."

Ban faɗa masa abin da na yi ba. Matar nan ita ke ce min ɗanta, ita ke aiko mana abinci da rana. Kwana goma abinci bai min daɗi ba. Ban yarda da ruwan ba, amma ina ta tambayar kaina: in fa da gaske ne?

Allah Ya sa ta tashi. Na sayi lemo, na tafi gidansu a Ashanti New Town, na iske ta zaune tana shan koko. A gabansu na faɗi komai.

Tsohuwa ta dube ni, ta ce a Hausarta, "To, motar fa? Ya warke?"

Na ce, "Mama, ta daina zafi."

Ta yi dariya har da tari. Abokina bai yi ba. Ya ce, "Kana kallona ina zargin kaina, ka yi shiru?"

Har yau ban san abin da ya tashe ta ba, allurar likita ko addu'ar ɗanta, Allah ne masani. Abin da na sani, na ɗauki ran uwar mutum na yi gwaji da shi don in ci musu.

Na durƙusa, na kama ƙafarsa yadda mutanen Asante suke yi in suna roƙo. Na ce, "Ɗan'uwa, imaninka bai gaza ba, amanata ce ta gaza. Ruwan na zubar da wasa, amma shirun da sani na yi shi. Ka yafe min."