Jaka Mai Tsawon Mutum

A shagon jakunkuna na unguwar Aƙiƙ a Madina, inda alhazai ke neman akwatin zuba dabino, wani saurayi shi jaka mai tsawon mutum yake nema. Bai wuce shekara talatin ba, baƙin mutum ne kamar ni, farar rigarsa ko ƙura babu.

"Ya ammi, mai soso a ciki nake so, da tayoyi," yake ce wa tsoho Haladu mai shagon, Hausarsa na ɗingishi, Larabci na tallafe ta. "Katakon zamiya kan ƙanƙara zan saka. Lubnan za ni."

"Ƙanƙara? Ta firjin gidanku ta ƙare ne, ɗana?"

Yana dariya, amma sau uku ke nan yana ambatar Lubnan da ƙarfi. Ina jin mu yake gaya wa, ba Haladu ba.

Da kamu yake auna jakar, gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda kakata ke auna yadi. Lallai kakansa ma da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. Nasa ya iso da wuri, ya zama ɗan ƙasa. Nawa ya tsaya noma a Sudan, ya makara. A Madina aka haife ni, amma ba ni da takarda. In na fita, ba dawowa.

Yanzu tayoyin yake gwadawa. Ya ja jakar har bakin ƙofa, ya juyo da ita da yatsa biyu.

Haladu ya dube ni. "Kai fa, tafiya za ka yi?"

"Kallo nake, Baba."