Mai Usur Ta Daina Shan Ruwa

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ba motoci hannu a mahaɗar da ke gaban babbar kasuwa, inda hanyoyi huɗu suka haɗu, fitilar wurin kuwa ta mutu tun kafin a kawo ta. Direbobi ba su san sunanta ba. Mai Usur suke ce mata, don idan ta hura usur ɗin nan, ko direban tirela da ya ƙure rediyo sai ya taka birki. Doguwa ce, ga murya, ga wando ruwan ƙasa da karin guga ya tsaya a kansa cak. Mijinta, mai gyaran firji, yakan tsokane ta cewa ko a gida sai ta ɗaga hannu yara ke tsallaka tsakar gida.

Haihuwarta ta huɗu ce ta zo da gardama. Kwana biyu tana naƙuda, yaron ƙato, sai da aka yi mata ƙari aka ɗinke. Bayan wata uku ta koma bakin aiki.

A satin farko wani mai babur ya kutso ta gaban motar 'yan makaranta. Ta cika ƙirji ta hura usur da iyakar ƙarfinta, sai ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ta sunkuyar da kai. Wandon ya yi duhu har kusa da gwiwa. Haka ta haɗe ƙafafu ta ci gaba da ba da hannu, motoci na wucewa ta dama da hagu, har mai karɓarta ya iso bayan awa biyu. Rigar ruwa ta ɗaura a ƙugu ta tafi gida, ranar kuwa ko gajimare babu.

Ta ce wa kanta jego ne bai sake ta ba. Amma abin bai tsaya a usur ba. Tari, atishawa, ɗaukar jariri, sauka daga mota, duk sai ya kufce mata. Ta koma sa audugar mata kullum, biyu-biyu, har fatar wurin ta saɓule. Banɗaki mafi kusa yana bayan gidan mai, tafiyar minti biyar, kuma ba a barin mahaɗa ba kowa. Lokacin salla ya zama mata tashin hankali: ta yi tsarki, ta sauya kaya, ta tayar da kabbara, tana yin ruku'u ta ji ɗigo.

Mahaifiyarta kaɗai ta iya faɗa wa.

"Inna, ko dai yoyon fitsari ne ya same ni?"

"Rufe mana baki!" in ji tsohuwar. "Kar in ƙara jin kalmar nan. Wace mace ce ta haifi huɗu ba ta san wannan ba? Ni tun haihuwar autana ban ƙara yin dariya a tsaye ba. Ki yi haƙuri kawai, kuma kar ki kuskura mijinki ya ji."

Ta bi maganar. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ƙasa kusa da jariri, ta sa leda a ƙarƙashin zani. Idan mijin ya matso sai ta ce bayanta na ciwo. Ya yi wasan, ya yi fushin, ya dawo ya yi lallashi.

"Maman yara, idan laifi na yi miki, ki faɗa mini mana. Wata nawa ke nan?"

"Ba ka yi mini komai ba."

Wata rana a rumfar da ma'aikata ke hutawa, wani abokin aikinta ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, wace mage ce take mana fitsari a rumfar nan?" Aka yi dariya, aka shiga leƙa ƙarƙashin benci. Ita ma ta leƙa. Daga ranar ta yanke shawara: abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Ta daina shan ruwa. Daga asuba har ta koma gida da yamma, ko kurɓi ɗaya. Idan maƙogwaro ya bushe, ta kuskure baki ta tofar. Leɓɓanta suka tsage, kai ya riƙa sara mata, nononta ya ragu har jariri ya koma kuka a bakinsa. Fitsarin ya zama ja, yana ƙona ta, warinsa ya fi na da. Kuma bai fasa zuba ba.

Wata biyu ta yi a haka. Ranar da ta faɗi, da tsakar rana ne, hannunta a sama ta tsayar da layin gabas. Ta farka a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, wata likita mace tana duba takardunta.

"Ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda," in ji likitar. "Yaushe rabonki da shan ruwa kamar mutane?"

Mai Usur ta juya fuska bango. Likitar ta ja labule, ta zauna a bakin gado. A nan ne maganar ta fito, da kuka da majina. Aka duba ta, aka ce ba yoyon fitsari ba ne, babu huda ko ɗaya. Naman da ke riƙe da mafitsara ne ya saki. Za a tura ta sashen gashin ƙashi.

"Likita, ni fa ƙashina lafiya lau."

"Ki je dai."

Mai gashin wata 'yar gajeruwa ce mai tabarau, ɗakinta gado ɗaya ne da labule da kujeru biyu. Ta ɗauko ƙashin ƙugu na roba daga kan tebur, ta juya shi ta nuna mata ƙasansa.

"Kin gani, Yaya? Nan akwai tsoka a shimfiɗe kamar raga. Ita ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da hanji. Haihuwa ta ja ta ta saki, ke kuma kullum kina danna ta da usur. Tsoka ce kamar ta hannu, ana koya mata aiki."

Ta nemi izininta, ta sa safar hannu ta duba ta.

"Matse, kamar tusa ta kama ki a cikin mutane kina son ki riƙe."

Mai Usur ta matse. Ta ɗaure ciki, ta cije haƙora, ta ɗaga ɗuwawu daga gado.

"Saki numfashi. Wannan cinya ce kika matse. Sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Sau bakwai.

"Kin ji wani abu?" Mai Usur ta tambaya.

Mai gashin ba ta yi mata ƙarya ba. "Kaɗan ƙwarai. Kamar motsin fatar ido."

Matar da ke tsayar da tirela da hannu ɗaya ta kwanta tana kallon silin, hawaye na shiga mata kunne. Ta ce, "To wurin ya mutu ke nan."

"Bai mutu ba. Da ya mutu, ko wannan ba zan ji ba."

Aka ba ta aiki: sau uku a rana, a kwance tukuna, ta matse ta ƙirga, ta saki ta huta. Ta matse kafin ta yi tari ko ta ɗauki yaro. Ta sha ruwa, ko tana so ko ba ta so. A wurin aiki kuma, saboda faɗuwar da ta yi, aka ɗauke ta daga titi aka kai ta ɗakin fayil, wani dogon ɗaki mai taga ɗaya, an ce na ɗan lokaci ne.

Mijin ya gan ta kwance a tabarma tana ƙirga da yatsu, fuska a murtuke, ya tsaya a ƙofa. Ta gaji da ɓoyo, ta faɗa masa komai ba tare da ta dube shi ba. Ya shigo ya zauna a gefen tabarmar.

"Shi ke nan abin?" ya ce. "Ni ina nan ina ta tunanin kin tsane ni ne. Har yayanki na je na samu."

Ta so ta yi dariya, ta tuna, ta matse tukuna.

A wata na biyu da fara matsewar ta iya riƙewa har ƙirga uku. A na huɗu ta yi atishawa a ɗakin fayil, ta ruga banɗaki ta duba, a bushe. Ta tsaya a ciki ta jingina da ƙofa. A na shida mai gashin ta ce ta zo da kayan aikinta. Ta tsayar da ita a kan tawul, ta sa ta tari, lafiya. Ta sa ta tsalle, ɗigo kaɗan. Sannan ta ce ta hura kamar tana kan titi. Ta matse, ta hura. Tawul ya jiƙe.

"Kin yi ƙoƙari, Yaya, ba ki yi wasa ba," in ji mai gashin. "Amma mafitsarar ta ɗan sauko, motsa jiki kaɗai ba zai gama aikin ba. Zan rubuta ki wurin likitan mata. Ko a sa miki wani zoben roba da zai tallafe ta, ko a yi aiki. Kar ki daina abin da muke yi."

Ranar da aka ba ta ta ganin likitan tana nan da wata huɗu.

Sati biyu bayan haka shugabansu ya shigo ɗakin fayil da takarda a hannu. An tabbatar da ita a nan, an ba wani mahaɗar. Ta karanta sau biyu.

"Yallaɓai, da an ƙara mini lokaci kaɗan. Ina ganin likita."

"Ciwon mene ne wai? Takardarki ba ta faɗa ba."

Ta dubi magatakardan maza biyu da suka ɗago kai daga teburinsu. Ta karɓi biro ta sa hannu.

"Ai kin huta da rana," ya ce.

"Na gode, yallaɓai."

Da ya fita ta zagaya bayan kantar ƙarshe, inda ba mai ganinta, ta zauna a kan kwalin tsofaffin takardu. Lokacin matsewar rana ya yi. Ta matse, ta fara ƙirga. A kan shida ƙirgar ta ɓace mata, ta share fuska da bayan hannu, ta koma ɗaya.