Fenti a Ƙarƙashin Noti

Ni da yayan matata jininmu bai taɓa haɗuwa ba, kuma ba na ɓoyewa. Mai Fenti ake ce masa. Shekara ashirin yana fesa wa ƙofofi da motoci launi, har farcensa ya manta kalarsa ta asali. Idan ka gaishe shi sai ya gama ƙare wa takalminka kallo kafin ya amsa. Tun yana yaro, in ji matata, ko kofi aka ɗauka daga inda ya ajiye sai an yi rigima. Ni kuwa wayarin mota nake yi, sana'ar da yake kira ƙulle-ƙullen zare.

Abin da ya haɗa mu aiki shi ne Baba, surukina. Masunci ne, ciwo ya shanye masa hannun dama, ya bar shi a kan kujera yana kallon bango. Tsohon injin kwale-kwalensa, wanda ya girmi matata, yana jingine a bayan ɗaki cikin tsatsa. Da igiya ake tayar da shi, Baba kuwa ba shi da hannun ja. Sai ya ce a gyara, a farfaɗo da kik ɗinsa, wato ɗan injin da ke murza babban da wutar batir, don ya riƙa danna maɓalli kawai. Inna, matar Baba, ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: muddin ba ya tashi a dannawa ɗaya, Baba da ruwa har abada.

Makanike ya gama nasa, na ja wayoyi sababbi fil, na gwada ya tashi. Sannan Mai Fenti ya kwashe injin zuwa rumfarsa. Bayan mako guda ya dawo da shi shuɗi, yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Gaskiya ya yi kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Muka ɗaura a kwale-kwale, Baba ya sa babban yatsan hagu ya danna. Kik ya yi gurr, gurr, kamar mai ciwon haƙori, ya yi shiru. Inna ta tafa hannu ta juya gida.

Nan fa Mai Fenti ya samu abin yi. Duk wanda ya zo bakin ruwa sai ya ji cewa mijin ƙanwarsa ya kashe injin Baba. Na caja batir, na canza wani, na goge kawunansa da samfefa, na kwance kik na gwada shi a shagona, yana juyawa kamar zai tashi sama. Da na mayar, sai gurr. Duk lokacin nan Mai Fenti yana tsaye a kaina da tsumma, wai kada sifanata ta karce masa aiki. Wallahi sau biyu na yi niyyar kwaɗa masa ita.

Mako uku muna haka. Baba ya daina tambaya, ya rage cin abinci. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ran nan da hantsi na taɓa baƙar waya bayan an danna, na ji notinta da zafi. Ita ce ake ɗaurewa a jikin inji don wuta ta samu hanyar komawa, kuma dole ta zauna a kan tsuran ƙarfe. Na kwance notin. Fenti ne a ƙarƙashi, shafi uku, an lailaye shi tsaf.

Dariyar mugunta ta kama ni. Na kira Baba, na kira Inna, na kira duk wanda ke gyaran raga a wajen, don a gaban jama'a ya ci mutuncina, a gabansu nake so in rama. Mai Fenti ya riƙe mini hannu ya ce kada in kuskura. Na fizge, na kankare wurin da wuƙa, faɗin kwabo ɗaya, na ɗaure waya tamau. Baba ya danna. Inji ya ɗauka nan take, hayaƙi ya turnuƙe, farfela ta kama dukan ruwa. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi.

Na juya na ce, "To Yaya, shekara ashirin kana fenti, ba ka san ba a shafa wa mazaunin waya ba?"

Bai ɗaga murya ba. Ya matso kusa da kunnena, yana warin tina, ruwan tsinka fenti.

"Na sani sarai. Ni na kwance notin na shafa." Ya nuna Baba da haɓa. "Hannu ɗaya gare shi. In igiyar ruwa ta kifar da shi, kai za ka tsamo shi da sifanarka?"

Na waiwaya na dubi Baba a cikin kwale-kwale. Inna kuwa ta riga ta yi alkawari, ga shi inji ya tashi a dannawa ɗaya a gaban mutane.

Yau wata biyar ke nan, kullum da safe Baba yana fita, ya yi ƙiba, har waƙa yake yi. Mai Fenti bai sake yi mini magana ba, ni ma ban neme shi ba. Har gobe ina cewa munafuki ne, da ya bari aka yi ta zagina mako uku. Ya rage karɓar aikin safe, yana zama a kan wani dutse a bakin ruwa har sai ya ji ƙarar injin tana dawowa.

Ni dutsena yana can gefe, kamar taku ashirin daga nasa.