Mai Kunne Zai Ajiye, Ba Mai Ɗauka

Kowace safiya, kafin ya kunna komai, Mai Kunne sai ya kashe fanka. Ɗakinsa na naɗar sauti ƙarami ne, bangon duk soso da kwalin ƙwai, kuma makirufo ba ya yafe ƙarar fanka ko da zafi zai narka mutum. Sai ya zauna, gumi na bin bayansa, ya buɗe saƙonnin da suka taru. Godiya? Ina! Ƙorafi ne zalla: "Abinka ya daina aiki." "Yaushe za ka gyara?" Wani ko sallama babu.

Abin nasa wata 'yar manhaja ce da ya rubuta da kansa, mai tsame gurnanin janareta daga cikin murya ba tare da ta cinye muryar ba. Ya ɗora ta a kan babbar manhajar haɗa sauti ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, ya sake wa duniya. Amma duk sanda aka sabunta babbar, sai ƙaramar ta tsaya cak, sai shi ya zauna ya daidaita su. Shekara da shekaru yana wannan shi kaɗai, kamar mai ɗinkin tsohon buhu, ya toshe nan can ya yage.

Kasuwa kuwa ba ta taɓa raga masa ba. Mawaƙiyar da ta fi daɗewa tana naɗa a wurinsa ta ga abin da ya faru da idonta. Wakilin wani kamfanin talla ya zo, ya saurari aiki yana gyaɗa kai, har ya ce a maimaita masa. Yana leƙa kwamfutar sai ya ɓata rai.

"Au, da ta kyautar kake aiki?"

"Kunnenka ya ji wani aibu ne?" in ji Mai Kunne.

"Ba maganar kunne ba ce, maigida. Abokan aikinmu duk ta kuɗi gare su. In ka turo musu aikin don su ƙarasa, ba zai buɗu a wurinsu ba."

Gaskiya mutumin ya faɗa, kuma shi ne abin takaicin. Aikin ya koma wani wuri. Mai Kunne ya share gumi ya ce wa mawaƙiyar su ɗora daga baiti na biyu.

Matarsa takan yi masa tsiya: "Kai da manhajarka Allah ya haɗa ku, duk a kyauta ake ɗaukar ku." Yakan yi dariya. Dariyar ta ragu bara, da likita ya ce kunnen hagu ya soma tafiya, na daman ma yana bin sa. Yanzu in yana aiki sai ya karkata kai, wani lokacin ya kira matar ta gaya masa ko kiɗa ya danne murya. Ya gaji, wallahi ya gaji. Ya sanar cewa ƙarshen shekara zai ajiye, ya roƙi wani ya karɓi kula da manhajar. Aka yi ta aiko masa da "Allah ya saka". Mai cewa "ni zan ɗauka" kuwa, ko ɗaya babu.

Kai ne gatan ƙananan ɗakunan naɗa, Mai Kunne. Kai ka sa mai karanta wa makafi littafi a ɗakin haya muryarta ta fita tas, janaretan maƙwabci na ruri a bayan taga. Ba ka taɓa tambayar kowa ko sisi ba, mu kuma muna shirin cin moriyar ganga mu ya da kwaurenta. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka lafiya.

Ku kuma da kuka iya rubuta manhaja, ku je wurinsa tun yana iya jin tambayarku. Ya ce zai koya wa duk wanda ya zo, daki-daki.

Kwanan nan mawaƙiyar ta tambaye shi me zai faru in ba wanda ya zo. Ya juyo mata da kunnen dama, ta maimaita.

"Za a sabunta babbar, tawa ta tsaya," ya ce. "Janareta ya dawo cikin waƙoƙinku. Ni dai ba zan ji ba, ƙanwata. Ku za ku ji."