Ranar da Yaya ya aike ni in auna aikin ɗansa

Ɗan yayana ya dawo gida a daminar da ta biyo bayan babban farin nan, lokacin da garken gidanmu ya ƙare in ban da karsana guda da wata tsohuwar saniya. Motar kasuwar Magarya ta sauke shi a Bande, amalanke ya ƙaraso da shi ƙauye. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa lakwal, makarantar boko, daga nan Damagaram, daga nan Yamai, har ƙasar Faransa. Mu dai labari kawai muke ji.

Labarin kuwa ya riga shi isowa. An ce ya zama lokotoro, wato likita, kuma tsufa ya karanta. Bai gama hutawa ba ƙofar gidanmu ta cika. Tsofaffi daga Yekuwa, daga wajen Dungas, wasu a kan jaki, wasu jikoki na jan su da sanda. Mai ciwon baya, mai kurunta, wanda haƙoransa suka zube, kowa ya zo a rage masa shekaru. Ya fito ya durƙusa ya gaishe su, ya ce shi ba mai ba da magani ba ne, bincike yake yi. Wata tsohuwa da ta sha tafiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To kai lokotoron mene ne, ɗan nan? Na kaji?" Aka yi dariya aka watse. Dariyar nan ta shiga kunnen Yaya.

Yaya a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, gwiwoyi sun ƙi. Ƙannen yaron sun tafi Kano cin rani tun cikin yunwa, ba su dawo ba. Ga gona ta tsira, ciyawa na neman fin geron. Sai ya yanke magana: tunda karatun bai warkar da kowa ba, a ba shi hauya ya zauna. Shi kuma yaron ana jiransa a wurin aikinsa, amma ya rantse ba zai taka mota ba sai da yardar ubansa.

Ba su yi wannan magana ido da ido ba. Ɗan fari ne, Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, "mutumin nan" yake ce masa, ko suna zaune a tabarma ɗaya. Ni nake kaiwa ina kawowa. Da na gaji na ce wa Yaya ba a yanke wa mutum hukunci ba a ga aikinsa ba. Ya ce, "Da wane idon zan gani? Ke je ki gano. Abin da kika ce, shi ke nan." Ya san wadda ya aika. Ni in aka kawo mini hatsi a buhu, hannu nake nutsawa har gindi in ji ko an cika ƙasan da ƙaiƙayi.

Da hantsi na same shi a tsakar gida. Na ce, "Fito da aikin naka in gani." Ya buɗe akwati ya ɗauko wani ƙarfe mai dogon wuya, ya kife turmi ya ɗora shi, ya yi ta juya wani ɗan madubi a ƙasansa har ya kamo rana.

"Gwaggo, buɗe baki."

"Rashin kunyar da aka koya maka ke nan?"

"Kaɗan zan kankaro a cikin kuncinki. Ba zafi."

Na buɗe. Ya goga tsinke a kuncina, ya shafa a wani ɓallin gilashi, ya ɗiga ruwa mai kalar shuni. Na duba gilashin a hannunsa, ba komai sai danshi. Na riƙe wannan a raina, don kada a ce mini daga baya wani abu aka saka. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Da fari haske kawai na gani da gashin idona. Ya murɗa wani abu a gefe, sai ga su sun fito. Kamar an shimfiɗa ƙananan faya-fayai a fili, wasu sun hau kan wasu, kowanne da ɗigon shuni mai duhu a tsakiyarsa. Na ɗaga kai na dubi gilashin, danshi ne. Na koma, suna nan. Na yi haka har wuyana ya gaji.

"Su wane ne waɗannan?"

"Ke ce, Gwaggo. Da irinsu aka gina ki, daga kai har ƙafa. Ni ma haka, saniyar can ma haka."

Na wanke jarirai, na wanke gawa, ina ganin babu abin da ya rage mini a jikin ɗan Adam. Ashe bango kawai nake shafawa ta waje. Na yi salati a hankali don kada ya ji ya ɗauka ya gama da ni.

Ya kawo ruwan tafki a gwangwani, ya ɗiga. Nan kuma kasuwa na tarar. Abubuwa na iyo, suna karo, suna kaucewa juna, a cikin ɗigon da bai kai hawaye ba. Ina kallo sai ɗaya ya tsaya, ƙugunsa ya tsuke. Na ce wannan ba shi da lafiya. Ya leƙa, ya ce, "Kada ki ɗaga ido, kin yi sa'a." Na daɗe a sunkuye. Ƙugun ya yi ta sirancewa har ya tsinke, kowane ɓangare ya kama gabansa da rai. Ba jini, ba naƙuda, ba ungozoma.

Ya ce namu ma haka suke rabuwa, shi ya sa yaro ke girma, rauni ke rufewa. A wurin aikinsu suna kiwon na fatar mutum a kwanon gilashi, suna ba su abinci. Su yi ta rabuwa, sai wata rana su daina, su baje, su kwanta, ko da abinci na gabansu. Na jariri sukan fi na tsoho daɗewa. Abin da ke tsayar da su shi yake nema.

"Ka samo?"

"A'a. Na dai ga wani abu guda da ke canjawa a cikinsu kafin su tsaya."

"Zai hana tsufa?"

"Ba na jin haka. Wataƙila wata rana ya rage wa wani wahalarsa. Ba lalle in ga ranar ba."

Na gyara zama, don yanzu aka zo wurin awo. Na ce manomi rumbunsa ake dubawa, makiyayi garkensa. Ku da ba ku warkar da kowa, da me ake sanin mai aiki da mai zaman banza?

Ya ce in mutum ya gano abu sai ya rubuta, masana su tone shi, in ya tsaya a baza. Duk wanda ya zo daga baya ya ɗora nasa a kai, tilas ya faɗi a wurin wa ya samo. Wannan ambaton ake dubawa. Wanda aikinsa ya zama tushe, sunansa yana ta fitowa a bakin na baya.

"Kai an ambace ka?"

"Kaɗan tukuna. Wani ma don ya ce na yi kuskure ya ambace ni."

"Ka yi?"

"A gefe guda na yi. Ya gyara, na karɓa."

"Ka san su? Abokanka ne?"

"Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, Gwaggo. Wasu ko harshensu ba na ji."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. A wurinmu wanda ya ci tuwonka shi ke yabonka, maroƙi kuma sai ka ba shi. Ga mutane a bayan teku, ba su sha furar gidanmu ba, ba su neman aure a wurinmu, suna kiran sunan da ubansa bai taɓa furtawa ba, don kawai aikinsu ba ya tsayawa sai da nasa. Kuma da ya so ya ce mini dubu ne, wa zai ƙaryata shi a ƙauyen nan?

Na sami Yaya a zaure. Bai bari na zauna ba.

"Zai buɗe mini ido?"

"A'a."

"Gwiwa fa?"

"Ita ma a'a."

"To ai kin gama."

"Ban gama ba, ni ka aika." Na zayyana masa duk abin da na gani, da abin da na tambaya, da amsar da aka ba ni, ban ƙara gishiri ba. Ya ce, "Ke ma ya ruɗe ki da madubi." Na ce, "Yaya, tun muna yara, yaushe ka taɓa jin an ruɗe ni?" Sai ya juya maganar.

"Gonar fa?"

"Na gan shi da hauya shekaranjiya. Geron yake sarewa yana barin ciyawa. In ka riƙe shi ka ƙara bakin ci ne, ba hannu ba. A kira gayya, ni zan tsaya a kan furar, surukina ya kawo mutanensa."

Ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Abin nan na cikin ruwa da ya rabu biyu. Wanne ne tsohon a cikinsu?" Na ce ban sani ba, ban kuma yi dabarar tambaya ba. Ya ce, "Hm." Sai kuma, "Kira mini mutumin nan."

Ya shigo ya durƙusa. Yaya ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kansa, ya ture hular don ya sa albarka. Hannun ya tsaya a tsakiyar kan, ya shafa, ya sake shafawa. Sanƙo ne ya fara ci, mu masu ido ba mu lura ba saboda hula. Yaya ya juyo da fuska wajena.

"Ke, ashe abin ya fara taɓa shi shi ma. Ce masa ya tafi, kada ya ɓata lokaci."