Na Ƙarshe Wallahi

Shekarar da na dawo Filinge daga Yamai da takardar injiniya a jaka, na samu aiki a wani ɗan biro, wato ƙaramin ofis, da ke bayan kasuwa, inda ake zana injinan noma kafin a kai wa mai walda ya ƙera. Mu biyu ne masu zane, ordinata kuwa, wato kwamfuta, ɗaya. Ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana zane da fensir da rula, kafin a zaunar da shi gaban ordinata ya koye ta da yatsa ɗaya. Shi yana aiki da safe, ni bayan azahar. Kujerar ma ɗaya ce, kullum da ɗuminta nake samunta. Madam injiniya yake kirana, yana jan kalmar yadda ba zan iya cewa ya zage ni ba.

Injin sussukar hatsi muke zanawa, na ƙungiyar matan wani ƙauye kusa da Bankuku. Kowane sashe na injin yana da fishiyensa, wato takardarsa a cikin ordinata, sannan akwai babban zane da ke kiran kowane sashe da sunansa ya haɗa su wuri ɗaya. Ranar da na fara buɗe dosiyen Baba, inda yake tara takardunsa a ordinata, sai da na riƙe kai. Ga "na karshe", ga "na karshe biyu", ga "na karshe na gaskiya", ga "na karshe bayan salla". Akwai "wanda akuya ta ci". Akwai "kar ki taba", kuma ni kaɗai ce mace a biron.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani jeri: "ta kasa", "ta kasa biyu", "ta kasa kuma". Sati guda ina haɗiyar wannan. Na ce lallai tsohon nan maki yake ba ni a ɓoye, yana ajiyewa don ya nuna wa shugaban biro. Da na kasa daurewa na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Baba, mi nik kasa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗin raƙumi. Da ya gane sai ya yi dariya har hularsa ta zame. Injin yana da rariya biyu, ta sama mai manyan idanu, ta ƙasa mai ƙanana. Ordinatarmu ta Faransanci ce, ba ta da harafin ƙ mai lanƙwasa, shi ya sa ta ƙasa ta koma ta kasa. Ya ba da labarin a masallaci, ya ba da shi wajen mai shayi. Ni ban yi dariya ba. Na ƙudurta sai na gyara dosiyen nan yadda aka koya mana a makaranta.

Akwai wata al'ada a biron da ban taɓa ji a ko'ina ba. Mai waldan da muke aiki da shi ya sha wuya da zane-zanen "na karshe". Ya yanka ƙarfe, ya liƙa, washegari a zo masa da "na karshe biyu". Daga nan ya kafa doka: ba ya kunna wutar walda sai ya ga rantsuwa. Saboda haka idan zane ya kammala da gaske, Baba sai ya yi alwala, ya zauna, ya sa masa suna "na karshe wallahi", sunan kuma yana fitowa a ƙasan takarda idan an buga. A garin, wallahin Baba ta fi hatimin biro ƙarfi. An ce tun yana saurayi ba a taɓa kama shi da rantsuwar banza ba, har masu rigimar gona shi suke nema ya yi shaida.

Ranar da ya rantse wa injin sussuka, ya tafi gida cin abincin rana, ni kuma na zauna na fara aikin da na daɗe ina mafarki. Ban taɓa babban zanen ba, sassan kawai na bi na sake wa suna: lamba ɗaya, lamba biyu, har ashirin da wani abu, a jere gwanin sha'awa. Da na zo kan "ta kasa" na goge sunan da daɗi a raina. Sai na buɗe babban zanen don in ga kyawun aikina, na tarar da shi fayau. Yana kiran sassa da sunayen da ya sani, babu mai amsawa. Gumi ya karyo mini. Na bi ɗaya bayan ɗaya ina nuna masa sabbin sunayen, injin ya dawo kan allo tsaf, na danna ajiye, na buga takardu na aika wa mai walda. A ƙasan kowace takarda an rubuta na karshe wallahi.

Bayan sati uku, da kaka, muka ɗora injin a amalanke muka shiga ƙauyen. Mata sun fito da dammunan hatsi, har da masu guɗa. Aka tayar da injin, aka zuba, aka ɗaura buhu a bakin da tsaba za ta fito. Buhun ya fara karɓar rairayi, siriri mai laushi, kamar an tankaɗe. Hatsin kuwa ta bakin ƙaiƙayi yake fita da gudu, yana watsuwa bayan injin. Kafin a ce a kashe, kajin ƙauyen duka sun hallara, har da wata zabuwa da ta zo daga nesa a guje. Shugabar matan, wata tsohuwa mai sanda, ta leƙa buhun ta ce, "To, madalla. Mu dai ba mu san kaji sunka yo odar injin ba."

Mai walda ya buɗe cikinsa. Rariya mai ƙananan idanu ce a sama, mai manya a ƙasa, an liƙe su da walda daram. Ya zaro takarda daga aljihu, ya ɗora yatsa kan rantsuwar, ya miƙa wa Baba a gaban kowa. "Baba, yadda anka zana haka niy yi. Ga wallahinka nan." Baba ya karɓi takardar ya duba, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ni na san lamba goma sha ɗaya da lamba goma sha biyu ne na musanya, lokacin da nake nuna wa babban zanen sabbin sunaye, amma na ɓoye.

Gyaran bai fi na yini ɗaya ba, amma sai aka shiga wani hali. Mai walda ya ce ba ya taɓa ƙarfe sai da sabon zane mai rantsuwa. Baba ya ce ba ya gyara abin da ya rantse shi ne na ƙarshe, ba kuma ya rantsuwa a kan rantsuwa. Matan suka koma turmi. Dole muka je wajen limamin unguwarmu, ni ina ɗauke da takardu. Liman ya saurara, ya ce, "Da baki kar rantse ko da yatsa?" Baba ya ce da yatsa. "Wanne?" Baba ya ɗaga manuninsa, liman ya duba shi da kyau. Ya tambaya ko ordinatar ta amsa, aka ce ba ta amsawa. A ƙarshe ya ce wanda ya rantse a kan abin da yake zaton gaskiya ne ba shi da kaffara, a je a gyara wa mata injinsu.

Ni ma na sa baki, don nauyin da ke ƙirjina ya ragu. Na ce ai ba "ƙarshe" ya rubuta ba, "karshe" ya rubuta, kuma karshe ba kalma ba ce, saboda haka babu rantsuwa tun farko. Liman har ya gyaɗa kai. Baba ya juyo ya ce, "Madam injiniya, ordinata ta ba ta da lanƙwasa. Ni ina da ita." Ya ce ya ji fatawa ya gode, zai gyara zanen, amma azumin kwana uku sai ya yi, ko ba kaffara ba.

Zafin kaka a Filinge ba wasa ba ne, Baba kuma ya haura sittin. Ranar farko na same shi leɓɓansa sun bushe, yana gyara rariya da yatsa ɗaya. Na ɓoye gorar ruwana a jaka. Wajen mai shayi an fara cewa tsufa ya kama shi, wani ma ya ce yanzu wallahin Baba sai an auna ta da rula. Na ji da kunnena, na wuce. Tsoro nake ji, ba na kora ba, na dariyar da za a yi wa mai takardar Yamai.

Rana ta uku na zo tun da hantsi, lokacin da ba nawa ba. Na durƙusa gefen kujerar na ce, "Baba, ni ta. Ni nib buɗe shi bayan ka rantse, ni nim musanya su."

Bai juyo ba. Ya buɗe dosiyen, ya kai yatsa gefen sunan tsohon fishiyen, inda ordinata ke rubuta lokacin da aka ajiye abu. Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. "Wanga lokaci ina masallaci. Tun randa munka dawo daga ƙauye nig gani."

Na ce to don me bai faɗa ba, don me yake azumi a kan laifin da ba nasa ba?

"Azumin yinin hwarko nawa na," in ji shi. "Wa ka rantsuwa bisa abin da hannu huɗu ka taɓawa? Na biyu da na ukku kuwa, ke nika jira, ɗiyata. Da kin zo jiya, da yau na sha hura."

Bai taɓa kirana ɗiyata ba sai ranar. Na yi kuka har majina, shi kuma ya tashi ya bar mini kujerar, ga ta da ɗuminta. Ya ce in sa wa sabon zanen suna da kaina, in buga, in kai wa mai walda da ƙafata, in faɗa masa abin da na faɗa yanzu. Na tambaye shi wane suna zan sa. Ya ce mai walda dai ba ya yanka ƙarfe sai da rantsuwa, shi kuma tasa ta ƙare a kan wannan injin.

Na je na yi alwala. Na dawo na duba rariyar nan sau bakwai, ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa. Kalmar wallahi haruffa bakwai ce kacal, na ɗora yatsa kan harafin farko, Baba kuma yana tsaye a bayana da azumi a bakinsa, yana jira.