Na Ga Karkiyar Ta Karkace, Na Yi Shiru

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, Bahaushe, Kirista ɗan Kirista. Boko dai aji kaɗan na yi na gudu, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A shekarun da nake ba da labari ina ganiyar ƙarfina, kuma Allah ya ba ni abu ɗaya da bai ba kowa ba a yankinmu, wato horon shanun huɗa. Ka kawo mini sa mai taurin kai wanda ya kori masu gida daga garke, kafin damina zai bi kunyar gona kamar an ja masa layi da igiya. Har daga Musawa ana zuwa nemana. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne baiwar ba tawa ba ce, ajiya ce.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, tare muka tashi. Wasan taubasai ne tsakaninmu, ina ce masa bawana, yana ce mini mijin shanu. Shi ba ya iya komai da hannunsa, ko ƙota ya ɗaura sai ta fita. Amma yana da bakin zuma da zuwa majami'a da wuri, ga gaida marasa lafiya, har aka sa shi cikin dattawan ikilisiya. Ni da na girme shi ina zaune a bencin baya. Tun ranar na fara jin wani abu yana cin ƙirjina, ina ce wa kaina ai kishin gaskiya ne.

Wata shekara fastonmu ya yi ta wa'azi a kan riƙon amana. Ya ce zakka da baiko, wato sadakar majami'a, ba su kaɗai Ubangiji ke nema ba, lokacinka da ƙarfinka da abin da ka iya duk nasa ne, kai mai tsaro ne kawai. Daga nan ikilisiya ta haɗa hannu ta sayi bijimai biyu matasa, don a riƙa yi wa gwauraye, matan da mazansu suka rasu, huɗa kyauta da farkon damina, tunda su ne kullum ake bari a baya idan masu shanu sun tafi aikin kuɗi. Da aka zo maganar wanda zai riƙe shanun, na gyara zama, na san sunana za a kira. Sai na ji an kira taubashina. Wai shi ne dattijo, shi zai fi sanin gidajen da ke da bukata.

Bai ɓoye ba, washegari ya zo har gidana yana dariya. Ya ce mijin shanu, ga amare biyu an kawo masa, shi kuwa bai san ta inda ake gaishe su ba, in zo in hore su, shi nasa dusa da harawa ne. Na ce masa bawa ba ya aiken ubangidansa, tunda dattawa sun ga ya fi ni, ya je ya karanta musu addu'a su koyi huɗa. Ya ɗauka wasan da muka saba ne, ya sake dawowa. Da ya ga fuskata ba wasa, ya juya ya tafi. Ni a raina so nake su gwada su kasa, fasto da dattawa su tako ƙafa zuwa zaurena su roƙe ni a gaban jama'a.

Wata safiya ina wucewa a kan babur na gan shi a fili yana fama da su. Kallo ɗaya na yi na ga komai. Karkiyar, wato itacen da ake ɗora musu a wuya, ɗanyen ice ne ba a goge ba, kuma ta karkace tana cin wuyan ƙaramin san. Sannan yau ya sa wannan a dama, gobe ya mai da shi hagu, alhali kowane sa da gefensa, in ya saba ba a canja masa. Gyaran bai fi in sauka in fere itacen, in shafa wa wuyan man kaɗe, in tsayar da kowa a gefensa ba. Ya ɗago mini hannu. Na ɗaga masa nawa na ƙara wuta. Wallahi daɗi na ji.

Cikin gwaurayen da ke jiran shanun nan har da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da gona ɗaya ta masara. Da ruwan shuka ya sauka, wuyan ƙaramin sa ya riga ya zama gyambo, da ya ga karkiya sai ya kwanta. Yaya ta zo ta same ni ina ɗaura wa nawa shanun garma. Ta ce ƙanena, shanun ikilisiya sun ƙi, ƙasa kuma ba ta jira, in taimaka mata da yini ɗaya kawai. Na ce mata ta koma wajen sarkin shanunsu da suka naɗa, in kuma ya kasa ta gaya wa dattawa sun san hanyar gidana. Ta gyara mayafi ta fita. Na kora shanuna zuwa wajen Maska inda manyan manoma ke jirana, da niyyar in na dawo zan tarar da dattawa a zaure, in yafe musu, in yi wa yaya huɗarta.

Da na dawo bayan 'yan makonni ba kowa a zaure. Ciyawa ta rufe gonar yaya. Wani Alhaji maƙwabcin gonarta ne ya gama tasa, ya ga tana sassabe da fartanya ita da yara, ya turo shanunsa aka yi mata rabi. Shuka ta makara, masarar ta tsaya a gwiwa ta yi ja. Kafin kaka ta cire babbar 'yarta daga makaranta ta kai ta aikatau gidan wata 'yar kasuwa a Funtua. Yarinyar da ke cewa malamar asibiti za ta zama.

Ranar godiyar kaka na ɗauko buhunan masara a amalanke, na sa aka jera su a gaban bagade, wato teburin gaban majami'a, don kowa ya gani. Yaya ta kawo nata a ɗan kwano. Sai taubashina ya miƙe a gaban ikilisiya ya ce laifinsa ne, ya karɓi aikin da bai iya ba, gwauraye su gafarta masa. Ko sunana bai ambata ba. Mata suka yi ta share hawaye, aka ƙara son shi. Shi da ya kashe wuyan bijimin ikilisiya ya fita da daraja, ni da na cika bagade da hatsi ba wanda ya kalle ni. Ba zan yi ƙarya ba, har yau in na tuna sai na ji ɗaci, kuma har yau in na gan shi a kujerar gaba sai na yi addu'a kafin zuciyata ta kwanta.

A bakin ƙofa na tare yaya na ce ta aiko yara su ɗauki buhu a gidana. Ta dube ni ta ce ta gode, amma Ubangiji bai tambaye ni buhu da kaka ba, yini ɗaya ya tambaye ni da farkon damina.

Yanzu shanu sun yi ƙaranci a wajenmu saboda ɓarayi, nawa ma na sayar, ba mai zuwa neman horo. Baiwar tana nan a hannuna ba mai tambaya. 'Yar yayata ta yi aure a Funtua, in mun haɗu tana durƙusawa ta gaishe ni da kawu, gara ta zage ni. Abin da na koya shi ne, wanda ya riƙe abin da ya iya don a zo a roƙe shi, ba wanda yake yi wa hassada ne zai sha wuya ba, na kusa da shi ne. 'Yan'uwa masu karatu, in ka ga karkiya ta karkace a gonar Ubangiji, kada ka tsaya tambayar sunan wa aka kira. Sauka ka gyara. Hatsi ana iya kawo shi daga baya, ruwan shuka ba ya dawowa.